Manhajojin Rangwame da Kamashon Masu Talla a Intanet: Tambayoyi da Amsoshi a Kan Matsayin Doka

Tun ƙarshen 2024, lokacin da aka zargi manhajar rangwame ta Honey, mallakar kamfanin PayPal, da karkatar da kamashon masu tashoshin YouTube zuwa asusunta, tambayoyi iri ɗaya suke ta dawowa daga masu tallata haja a intanet. An jera su a nan daga masu sauƙi zuwa masu sarƙaƙiya. Da yake a Amurka ake yin shari'o'in, dokokin can ne suka fi yawa a cikin amsoshin, kuma bayanin ya tsaya ne a farkon 2026.

1. Ta yaya mai bidiyo ko mai shafi yake samun kamasho tun da farko?

Kanti na intanet yana ba mai talla wani mahaɗi na musamman wanda yake ɗauke da lambar shaidarsa. Idan mai kallo ya danna mahaɗin, sai a ajiye wani ɗan guntun bayani a cikin burauzarsa (manhajar da yake buɗe shafukan intanet da ita), wanda ake kira kuki, kuma wannan kukin ne yake gaya wa kantin ta hannun wa mai sayen ya zo. Idan aka yi ciniki kafin wa'adin kukin ya ƙare, sai a rubuta wa mai tallan wani kaso na kuɗin. Wa'adin ya bambanta daga kanti zuwa kanti: na Amazon awa 24 ne, wasu kuwa suna ba da kwana 30 ko fiye.

Yawancin kantuna ba da kansu suke riƙe wannan lissafi ba. Akwai kamfanonin tsakani, irin su CJ da Rakuten Advertising da Impact da Awin, waɗanda suke bin sawun dannawa, su ƙididdige kamasho, su biya, kuma su ne suke rubuta ƙa'idojin da kowane mai talla yake amincewa da su kafin a karɓe shi. Waɗannan ƙa'idoji suna da muhimmanci ƙwarai a shari'ar, kamar yadda za a gani a amsa ta 8.

2. Mece ce manhajar rangwame, kuma ina take samun kuɗi tunda kyauta ake sauke ta?

Ƙaramar manhaja ce da ake maƙala wa burauza irin su Chrome ko Edge ko Firefox. Idan mai saye ya isa shafin biyan kuɗi, sai ta ɓullo ta ce za ta gwada masa lambobin rangwame ko ta mayar masa da wani abu daga kuɗinsa. Wadda ta fi shahara ita ce Honey, wadda aka kafa a Los Angeles a 2012, PayPal kuma ya saye ta a kan kusan dala biliyan 4 a cinikin da aka kammala a Janairun 2020. Akwai kuma Capital One Shopping, da Microsoft Shopping da ke cikin Edge, da na Rakuten da RetailMeNot.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, ita ma manhajar dillaliya ce mai rajista a wurin kamfanonin tsakanin nan, tana da tata lambar shaidar, kuma kamasho take karɓa daga kantuna kamar yadda mai bidiyo yake karɓa. Wato su biyun a akushi ɗaya suke ci.

3. Mene ne tsarin dannawar ƙarshe da ake ta ambata?

Mai saye yakan bi ta hannun masu talla da yawa kafin ya fitar da kuɗi, kanti kuwa ba ya son biyan kamasho sau biyu a kan ciniki ɗaya. Saboda haka yawancin kantuna suka ɗauki ƙa'ida mai sauƙi: wanda aka danna mahaɗinsa a ƙarshe shi ne mai kamasho duka. Ba majalisa ce ta kafa wannan ƙa'ida ba, al'adar kasuwar ce da aka rubuta a cikin yarjejeniyoyi.

Matsalar ita ce manhajar rangwame tana zaune ne daidai bakin shafin biyan kuɗi, saboda haka kusan kullum ita ce ta ƙarshe. Kamar dillalin da ya yini yana zagayawa da mai saye a kasuwar dabbobi, ya nuna masa sa, ya daidaita farashi, sai a lokacin ƙirga kuɗi wani ya matso ya ce bari ya duba ko za a rage wani abu, daga nan kuma a miƙa masa la'adar gaba ɗaya.

4. Takamaimai me aka zargi Honey da aikatawa?

A ranar 21 ga Disamban 2024 wani mai tashar YouTube ɗan ƙasar New Zealand da ake kira MegaLag ya fitar da dogon bincike mai ɗauke da manyan zarge-zarge biyu. Na farko, ya nuna cewa idan mai saye ya danna maɓallin Honey a shafin biyan kuɗi, manhajar tana buɗe wani ɗan shafi a ɓoye wanda yake maye kukin mai talla da nata, kuma hakan yana faruwa ko da ba ta samo rangwamen ko sisi ba, har ma idan mutum ya danna ne kawai don amsa saƙon da ya gaya masa babu rangwame. A gwajin da ya yi da kamfanin NordVPN, ya ce kamashon dala 35 ya koma wa Honey, shi kuwa a matsayinsa na mai saye an mayar masa da maki da darajarsu ba ta wuce santi 89 ba.

Zargi na biyu ya shafi masu saye, kuma an yi bayaninsa a amsa ta 11. Abin da ya ƙara wa lamarin ɗaci shi ne, Honey ta yi suna ne ta hanyar biyan manyan masu tashoshi irin su MrBeast da Marques Brownlee da Linus Tech Tips su tallata ta, wanda ke nufin masu kallonsu suna cikin waɗanda suka saka manhajar da ake zargi da cinye wa masu tashoshin kamasho. PayPal ya mayar da martani cewa Honey tana bin ƙa'idoji da al'adun masana'antar, har da tsarin dannawar ƙarshe, kuma tana taimaka wa kantuna wajen rage yawan masu cika kwando su tafi ba su biya ba.

5. To a taƙaice, doka ta hana ko ba ta hana ba?

Babu wata doka a Amurka da ta ambaci manhajojin rangwame da suna ta ce haramun ne su karɓi kamasho, kuma zuwa farkon 2026 babu kotun da ta kai ga yanke hukuncin ƙarshe a kan gundarin zargin. Karɓar kamasho ta hanyar dannawar ƙarshe, ita kaɗai, ba laifi ba ne.

Abubuwa uku ne suke iya mayar da shi laifi ko abin biyan diyya. Na ɗaya, ko manhajar ta yi wani aiki da ya cancanci kamashon, ko kuwa ta nuna wa kanti ne kamar ita ta kawo mai saye alhali ba ita ba ce. Na biyu, ko ta karya ƙa'idar da ta amince da ita ta janyewa idan wani ya riga ta, kuma ko ta ɓoye hakan da gangan. Na uku, ko mai ƙara zai iya nuna cewa kuɗin da aka ɗauka nasa ne a ƙarƙashin yarjejeniyarsa. Wannan na ukun shi ne ya fi ba lauyoyin masu ƙara wahala, duk da cewa shi ne masu sharhi suka fi rainawa.

6. Su wa suka kai ƙara, kuma da waɗanne dokoki suka kafa hujja?

A ranar 29 ga Disamban 2024 aka shigar da ƙara a kotun tarayya ta Arewacin Kalifoniya da sunan kamfanin Wendover Productions na Sam Denby da wani kamfani na Ali Spagnola, kuma cikin lauyoyinsu akwai Devin Stone mai tashar LegalEagle. Tashar GamersNexus ta bi sahu a Janairun 2025, daga baya aka haɗe ƙararrakin wuri ɗaya a gaban mai shari'a Beth Labson Freeman a San Jose. An shigar da su ne a matsayin ƙarar gamayya, wato 'yan kaɗan suna tsayawa a madadin duk wanda abin ya shafa. An kuma maka Capital One da Microsoft da wasu kamfanonin a kotuna daban-daban a kan irin wannan zargi.

Hujjojin sun kasu gida biyu. Akwai na tsohuwar dokar da alƙalai suka gina tun kafin a san intanet: katsalandan cikin yarjejeniyar da ke tsakanin wasu mutane biyu, toshe wa mutum ribar da yake da kyakkyawan zaton samu, cin dukiyar da mutum bai cancanta ba, da mallake kayan wani. Akwai kuma na rubutattun dokoki: dokar tarayya ta 1986 a kan zamba da kutse cikin kwamfuta, da takwararta ta jihar Kalifoniya, da dokar Kalifoniya ta hana gasar da ba ta dace ba.

7. Me ya sa ƙarar Capital One ta wuce gaba, ta PayPal kuma ta yi tuntuɓe?

A watan Yunin 2025 mai shari'a Anthony Trenga na kotun tarayya ta Gabashin Virginia ya ƙi korar mafi yawan ƙarar da aka kai Capital One. Ya bar zargin katsalandan, da na cin dukiya ba bisa cancanta ba, da na dokar kwamfuta ta tarayya su ci gaba, ya kuma yi watsi da zargin mallake kayan wani. Daga baya ɓangarorin suka sasanta ba tare da Capital One ya amsa laifi ba, saboda haka shari'ar ba ta kai ga hukunci ba.

A watan Nuwamban 2025 kuwa, mai shari'a Freeman ta kori ƙarar da aka kai PayPal, amma ta ba masu ƙara damar gyarawa su dawo, kuma sun dawo da sabuwar takarda. Dalilinta ya shafi hurumi: kotun tarayya a Amurka ba ta sauraron mutum sai ya nuna cutarwa ta zahiri da ta same shi shi kansa, wadda za a iya danganta ta ga wanda yake ƙara. A ganinta masu ƙarar ba su fito da sharuɗɗan yarjejeniyoyinsu da kantuna ba yadda za a ga cewa kamashon haƙƙinsu ne tun asali.

Bai kamata a karanta ɗaya daga cikin hukuncin biyu fiye da abin da ya ce ba. A wannan mataki alƙali yana ɗaukar abin da masu ƙara suka faɗa ne kamar gaskiya, ya duba ko ya isa a ci gaba, don haka Trenga bai ce Capital One ya yi laifi ba, Freeman ma ba ta wanke PayPal ba.

8. Mece ce ƙa'idar janyewa, kuma me ya sa ake cewa a nan shari'ar za ta tsaya ko ta faɗi?

Kamfanonin tsakani sun daɗe da sanin cewa manhajar da ke zaune a burauza za ta iya lashe kowane kamasho. Shi ya sa da yawansu suka sa sharaɗi cewa idan manhajar ta ga alamar wani mai talla ya riga ya kawo wannan mai saye, dole ta yi shiru, kada ta ɓullo, kada ta taɓa kukin. Idan manhaja tana mutunta wannan sharaɗi, mafi yawan ƙorafin masu bidiyo ya faɗi. Idan kuma ta amince da shi a rubuce sannan ta kewaye shi, kariyar nan ta cewa al'adar kasuwa take bi ta rushe, domin al'adar kasuwar ce da kanta ta ce ta janye.

A ƙarshen Disamban 2025 MegaLag da mai bincike Ben Edelman suka fito da zargin cewa an tsara Honey ta riƙa janyewa idan ta ga alamun mai amfani da ita ɗan gwaji ne daga kamfanonin tsakani, amma ta ƙi janyewa ga masu saye na yau da kullum. A Janairun 2026 Rakuten Advertising ya cire Honey daga tsarinsa. Wannan zargi ya fi na farko nauyi a idon doka, saboda abin da kotu take nema a zargin katsalandan da na zamba shi ne niyya, kuma tsarin da aka gina don kauce wa mai bincike, idan aka tabbatar da shi, yana da wuyar fassarawa a matsayin kuskure.

9. Shin wannan ba shi ne cusa kuki da aka taɓa ɗaure mutane a kansa ba?

Sun yi kama, amma akwai bambanci. Cusa kuki shi ne a dasa wa mutum kukin dillanci ba tare da ya danna komai ba, ta yadda idan ya je kantin da kansa daga baya sai a biya wanda ya dasa. Sananniyar shari'a ita ce ta eBay, inda aka gurfanar da Shawn Hogan, wanda ya karɓi kamashon kusan dala miliyan 28 daga kamfanin, da kuma Brian Dunning. Dukansu sun amsa laifin zamba ta hanyoyin sadarwa, kuma a 2014 aka yanke wa Hogan wata 5 a kurkuku, Dunning wata 15.

Manhajojin rangwame suna kare kansu da cewa mai saye ne ya saka su da hannunsa, kuma ya danna maɓalli kafin a sauya kukin. Masu ƙara suna amsawa da cewa danna maɓallin rufe saƙo ba tura mai saye ba ne. Akwai kuma wani bambanci da ya kamata a riƙe: a shari'ar eBay wanda aka yaudara shi ne kantin da ya biya kuɗin, gwamnati kuma ta shiga, a nan kuwa masu kuka su ne dillalan da aka sha gabansu, kuma ƙararrakin na neman diyya ne, ba na laifi ba.

10. Ta yaya dokar kutse cikin kwamfuta ta shigo, alhali babu wanda aka yi wa kutse?

Hujjar ita ce mai saye ya ba manhajar izinin nemo masa rangwame, bai ba ta izinin goge ko maye wani bayani da ke cikin burauzarsa ba. Rauninta shi ne a 2021, a shari'ar Van Buren, Kotun Ƙolin Amurka ta taƙaita dokar, ta ce wanda aka ba izinin shiga wani wuri a kwamfuta bai zama mai kutse ba don kawai ya yi amfani da izinin a kan wata manufa ta daban. Kamfanonin kuma suna nuna cewa tun lokacin saukewa burauza take faɗa wa mutum cewa manhajar za ta iya karantawa da sauya bayanan shafukan da yake ziyarta. Duk da haka zargin ya tsallake matakin farko a shari'ar Capital One, kamar yadda aka faɗa a amsa ta 7.

11. Mai saye fa, an cuce shi ko ba ruwansa?

Kamashon ba daga hannunsa yake fita kai tsaye ba, don haka sauya kuki bai ƙara masa farashi a wannan cinikin ba. Ƙorafinsa na daban ne. Honey ta shafe shekaru tana talla cewa tana zaƙulo rangwame mafi kyau a intanet, binciken MegaLag kuwa ya yi zargin cewa kantunan da suke hulɗa da ita suna iya zaɓar lambobin da za ta nuna, ta yadda za a ba mutum ƙaramin rangwame a ɓoye masa babba. Idan hakan ya tabbata, ya faɗa ƙarƙashin dokokin hana yaudarar masu saye, irin su sashe na 5 na dokar Hukumar Ciniki ta Tarayyar Amurka da dokokin jihohi. A Birtaniya, tun Afrilun 2025 hukumar kula da gasa tana da ikon cin tarar kamfani har kashi 10 cikin 100 na cinikinsa na duniya a kan irin wannan yaudara ba tare da ta je kotu ba.

12. Waɗanda suka tallata manhajar da bakinsu, akwai alhaki a kansu?

Ƙa'idojin Hukumar Ciniki ta Tarayya, waɗanda aka sabunta a 2023, sun wajabta wa mai talla ya bayyana cewa biyansa aka yi, kuma sun ce za a iya kama shi idan ya faɗi abin da ya sani ko ya kamata ya san ƙarya ne. Wanda ya bayyana tallan a fili, ya kuma faɗi abin da aka ba shi ba tare da sanin abin da ke ƙasa ba, yana da kariya mai ƙarfi, kuma shari'o'in da ake yi kamfanonin suka nufa.

13. Idan kotu ba ta yanke ba, me ya sauya a aikace?

Google ya riga kotuna. A watan Maris na 2025 ya sauya ƙa'idojin rumbun manhajojin Chrome, ya ce manhaja ba za ta saka mahaɗi ko kukin dillanci ba sai tana ba mai amfani da ita wata fa'ida ta zahiri a wannan lokacin, kamar rangwame ko mayar da kuɗi, sai kuma mutumin ya yi wani abu da kansa da ya shafi hakan, kuma dole a bayyana tsarin tun kafin saukewa. An fara aiki da ƙa'idar ranar 10 ga Yunin 2025. Honey kuma ta rasa miliyoyi daga cikin mutum kusan miliyan 20 da suke amfani da ita a Chrome kafin rikicin.

Sai dai ƙa'idar Google ba doka ba ce, kuma ta bar ƙofa a buɗe: manhajar da ta mayar wa mai saye ɗan abin da bai taka kara ya karya ba tana iya cewa ta ba da fa'ida, ta ɗauki kamashon duka. Misalin santi 89 da dala 35 da ke amsa ta 4 irin wannan ne.

14. Ina Najeriya ko Nijar ko Ghana ina saka mahaɗan dillanci. Abin ya shafe ni?

Ya danganta da inda masu kallonka suke saye da kuma na'urar da suke amfani da ita. Chrome na wayoyin Android ba ya ɗaukar irin waɗannan manhajoji, saboda haka wanda yawancin masu kallonsa da waya suke shiga kantunan gida ba shi da babbar fargaba. Wanda yake tallata manhajoji ko rumbun ajiye shafuka ko kayan lantarki ga masu kallo a Amurka da Turai, waɗanda suke saye da kwamfuta, yana cikin haɗari daidai da kowa, domin kuki bai san ƙasar mai shi ba.

Batun diyya kuwa da wuya. Rukunin da ake nema a wakilta a waɗannan ƙararraki na mazauna Amurka ne. Najeriya tana da dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018 da dokar laifukan intanet ta 2015 wadda aka gyara a 2024, amma jawo kamfanin waje gaban kotun gida a kan kamashon da kantin waje ya biya aiki ne mai tsada. Hanya mafi kusa ita ce kai ƙorafi ga kamfanin tsakani ko ga kantin, tunda da su kake da yarjejeniya.

15. Me mai talla zai yi don ya kare kamashonsa ko ya tanadi hujja?

Ya fara da karanta yarjejeniyarsa, ya ajiye kwafinta mai kwanan wata, ya duba wa aka ce za a biya idan masu talla biyu suka haɗu a kan ciniki ɗaya, da ko akwai sharaɗin janyewa, domin rashin wannan takarda ne ya kawo cikas a shari'ar PayPal. Ya tambayi manajan shirin dillancin kantin ko suna hulɗa da manhajojin rangwame da kuma yadda suke raba kamasho, tunda wasu kantunan suna hana a maye kuki da zarar kaya sun shiga kwando, wasu kuma suna raba kuɗin tsakanin na farko da na ƙarshe.

Ya nemi a ba shi lambar rangwame ta kansa wadda aka ɗaure da asusunsa, yadda za a rubuta masa cinikin ko da an sauya kuki, amma ya sani cewa irin wannan lamba takan zube ta shiga rumbun manhajojin, kanti kuma ya soke ta idan ya ga tana yawo. Idan yana zargin wata manhaja, zai iya gwadawa da kansa: ya danna mahaɗinsa a burauza mai tsabta, ya duba kukin a sashen kayan aikin masu gina shafuka, ya je shafin biyan kuɗi ya danna maɓallin manhajar, ya sake dubawa, yana ɗaukar bidiyon allon tun daga farko. Ya haɗa wannan da rahoton dannawa da na ciniki na watannin da abin ya shafa kafin ya rubuta wa kamfanin tsakani, kuma idan kuɗin suna da yawa ya nuna wa lauya yarjejeniyar tukuna, saboda da yawa daga cikinsu suna ɗauke da sharaɗin sasanci a wajen kotu da kuma ƙasar da za a yi shari'a.